Ƙas-ƙas-ƙas In An Karya Kwana: Me Mota Ke Faɗi?

Akwai ƙarar da mota ba ta yin ta sai an karya kwana. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau, amma da direba ya murɗe sitiyari zai shiga layi, sai ƙas-ƙas-ƙas ta taso daga ƙarƙashin gaba, tana ƙara sauri gwargwadon juyin taya. Masu motoci da yawa kan garzaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna su sayo kaya tun ba a gano ciwon ba, alhali ƙarar da kanta tana nuna inda yake.

A motocin da tayoyin gaba ke ja, irin su Golf da Corolla da Honda Accord, wanda ake fara tuhuma shi ne kan shaf na waje. Aikinsa ba ƙarami ba ne, domin shi ke kai ƙarfin inji ga taya yayin da take juyawa dama da hagu, tana kuma hawa da sauka a gargada. Injiniyan kamfanin Ford, Alfred Rzeppa, shi ya ƙirƙiro wannan gaɓa a shekarun 1920. A cikinta akwai ƙwallayen ƙarfe, galibi shida, masu zirga-zirga a kwarminsu cikin baƙin giris, an rufe su da roba mai lanƙwasa. Wannan roba ce asalin rigimar. Da ta tsage, giris ya fantsale, ƙura da ruwan damina su shiga, yashi ya yi ta cin ƙarfe har ƙwallayen su samu wurin wasa. A kwana gaɓar ta fi lanƙwashewa, shi ya sa a nan take kuka. Tsofaffin direbobin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba su san wannan kuka daga gaba ba, saboda tayoyin baya ke tura motarsu.

Gwajin ba ya cin ko sisi. A samu fili, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a zagaya a hankali ana ɗan taka totur, sannan a juya ɗaya ɓangaren, a kuma gwada da ribas. Wani ya tsaya a waje ya saurari gefen da ƙarar ke fitowa. Daga nan a leƙa bayan taya: in an ga giris ya yi baƙi a jikin rim, magana ta ƙare.

Amma ba kowace ƙara ce ta shaf ba, kuma a nan ake gane bakanike na ƙwarai. Boris ɗin taya gurnani yake yi mai ƙaruwa da gudu, ya fi tashi in kwana ta jefa nauyi a kansa, wato in an karya hagu, na dama ke shan wuya. Bol-join da tayarod kuwa ƙwal guda suke yi, musamman a kan rami. A ɗaga mota da jek a girgiza taya: wasa sama da ƙasa na nuna bol-join ko boris, wasa gefe da gefe na nuna tayarod. In ƙarar na fitowa mota na tsaye ana juya sitiyari, a cire shaf daga zargi tunda ba ya juyi, a duba saman shakazoba. Kafin duk wannan ma, a taɓa notocin taya, don sau da yawa bafalkanize ne bai ɗaure su sosai ba.

Masu Hilux na da tasu matsalar. Idan aka bar ta a giyar taya huɗu a kan kwalta, za ta riƙa cijewa tana gum-gum a kwana, domin an tilasta wa gaba da baya juyi ɗaya alhali nisan da suke ci ya bambanta. Fitar da ita daga giyar ne maganin.

Robar shaf da aka gano tsagewarta da wuri, wanke gaɓar da sabon giris da sabuwar roba sun wadatar. In ƙas-ƙas ta riga ta fara, ƙarfe ya ciwu, cusa giris rufe mata baki ne kawai na ɗan lokaci, dabarar da wasu dillalai suka ƙware a kai kafin su sayar da mota. Ranar da gaɓar ta fashe, inji zai yi ta ruri, giya na ciki, mota ba ta motsi, sai an ja ta zuwa gareji.