Gangara Mai Sauƙaƙa Aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota ya ga yadda 'yan dako ke ɗora gangar mai a kan babbar mota. Ganga cike da mai nauyinta yakan kai kilo 200. Ko ƙarti biyu ba su iya ɗaga ta. In sun matsa, sai su ji ciwo a baya, ko kuwa ta kuɓuce ta murƙushe ƙafar wani. Saboda haka sukan samo katako mai kauri, su kafa bakinsa guda a ƙasa, gudan kuma su ɗora bisa motar, sa'an nan su mirgina gangar a kai.

Wannan katakon da aka jingina shi ne gangara. Masana suna lissafa ta cikin na'urori masu sauƙi, ko da yake ba ta da inji.

To, ina asirinta? A ce bisan motar mita 1 ne, tsawon katakon kuwa mita 4. Mai turawa zai yi tafiya ninki huɗu, amma ƙarfin da zai sa kashi ɗaya ne cikin huɗu, wato kamar mai ɗaga kilo 50. Sai ɗan ƙari kaɗan saboda gugar ganga da katako. In katakon mita 2 ne, ƙarfin ya zama na kilo 100. Ashe gangara ba ta rage aiki, rarraba shi take yi kaɗan kaɗan, har mutum ya iya.

Don haka ne hanyar mota ba ta hawan dutse kai tsaye, sai ta yi ta kewaye. Hanyar lafiya, in ji Hausawa, a bi ta da shekara. Don haka ne kuma ake yin gangara a ƙofar asibiti. In ta yi tsawo, mai keken guragu ya hau da kansa. In magini ya gajarta ta, sai ya tsaya a waje yana jiran taimako.

Bakin gatari ma gangara biyu ne aka haɗa. Shi ya sa yake kutsawa cikin itace ya tsaga shi.

Tambayoyi
1. Don me 'yan dako suka fi son dogon katako?
2. Ina ne ake ganin gangara a garinku?