Karatun Da Ba Shi Da Ƙararrawa: Daga Jega Zuwa Zangunan Gana

A zauren malami a Jega ko Maiyama, ba a raba jadawali. Saurayin da ya sauke Alƙur'ani shi ke ɗauko littafinsa, Ahalari ne ko Ishmawi ko Risala, ya zauna har layi ya zo kansa, malam ya biya masa gwargwadon abin da zai iya ɗauka. In ya ga wani malami ya fi ƙwarewa a nahawu, sai ya koma can. Da wani malamin boko mai suna John Holt ya fara wata mujalla a Amurka a 1977 yana kiran a bar yara su bi abin da ransu ke son sani, ƙasar Gwandu, inda waɗannan garuruwa suke, ta daɗe da irin nata tsarin.

Wannan karatu ya bi fatake. Jega tana kan hanyar goro ta zuwa Gwanja, kuma ayari ba ya rasa malami. Alhaji Umaru, ɗan asalin Kabi da aka haifa a Kano, haka ya yi ta yawon neman ilimi har ya zauna Salaga ta ƙasar Gwanja. Bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete Karachi, inda ya karantar, ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausa har ya rasu a 1934. Babu makarantar da ta ba shi takardar shaida, amma ɗalibansa sun bazu a zangunan Gana.

A gida kuma, Aliero ta ƙara nata salo. Garin albasa ne da masu ɗori, kuma sana'o'in biyu gadonsu ake yi. Yaro yana riƙe wa mahaifinsa kara da tsumma tun yana ƙarami, har hannunsa ya san karaya. Da wannan sani mutanen garin ke cin abinci a garuruwa masu nisa, ko da yake tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a ƙofar gidansu.

Sai dai ƙasar waje ba gida ba ce. A Nima ta Akara da zangon Kumasi, iyaye sun daɗe suna gudun makarantun mishan don tsoron a sauya wa 'ya'yansu addini. Yaran sun tashi da karatu da iya ciniki, amma aikin gwamnati takarda yake nema. Wannan giɓi ne ya sa Gana ta kafa sashen ilimin Musulunci a 1987, aka shigar da lissafi da Turanci makarantun zango da dama.

A Turai doka ce ke magana. Ingila ta yarda iyaye su karantar da yaro a gida muddin ilimin ya wadatar. Jamus ta hana, Faransa kuma tun 2022 sai da izini. Bahaushen da ke can kan tura ɗansa boko da safe, da yamma malami daga gida ya biya masa ta WhatsApp.

Abin da ke ci wa mutum rai shi ne yadda ake haɗa ɗalibin zaure da yaron da aka sake yana bara a tasha. Na farko yana da malami, da littafi, da mai ciyar da shi. Na biyu an yi watsi da shi ne, kuma in ya tsallaka iyaka babu takardar haihuwa, jami'an shige da fice ne farkon waɗanda za su tambayi sunansa.