Horon ma'aikatan jinya a matakin lasisi da ƙwarewar da yake ginawa

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba abin da ake neman ɗalibin jinya ya fita da shi bayan shekaru 3 na karatu. A tsarin LMD, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007, lasisi zango 6 ne, ana haɗa darasin aji da koyon aiki a asibiti. A Nijar, makarantun ENSP na Yamai da na Damagaram suna cikin wuraren da aka daɗe ana ba da wannan horo.

Kafin a tsara darasi, wajibi ne a san wurin da ɗalibi zai yi aiki. A yawancin cibiyoyin CSI na karkara babu likita. Ma'aikacin jinya ne ke duba majinyaci, ya rubuta magani, ya yanke shawarar aika shi asibitin gunduma. Ke nan iya allura da ɗaurin miki ba su wadatar ba. Ana iya kasa ƙwarewar da ake bukata gida uku.

Ta farko ta hannu ce: awon zafin jiki da hawan jini, sa ƙarin ruwa, tsabtar kayan aiki. Wannan maimaici ke kawo ta.

Ta biyu ita ce tantancewa. A tsarin PCIME na OMS da UNICEF, ɗalibi yana koyon ƙirga numfashin yaro: sau 50 ko fiye a minti ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko sau 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, alama ce ta ciwon huhu. Haka nan damtsen da ya gaza milimita 115, ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, yana nuna tamowa mai tsanani. Idan kuwa yaro ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya ci, ko jijjiga ta kama shi, sai a tura shi gaba ba da jinkiri ba. Kuskure a nan rai yake ci.

Ta uku ita ce magana, kuma ita aka fi sakaci da ita. Da Faransanci ake koyarwa, alhali a Maraɗi, Tawa da Damagaram galibin majinyata da Hausa suke kai kuka. Idan uwa ta ce ɗanta na masassara, ba lalle ne zazzaɓin cizon sauro ba. Sai an yi tambaya an kuma yi gwajin jini. Ɗalibin da bai saba tambaya da Hausa ba zai ji kalmar, ma'anarta ta kuɓuce masa.

A ganinmu, ya kamata a riƙa gwada tambayar majinyaci cikin harsunan ƙasa a ranar jarrabawa, daidai da yadda ake gwada aikin hannu. Wannan fage ne da malaman harshe da na kiwon lafiya za su iya haɗa hannu a kansa.