Ajiya da Riƙon Amana a Lokacin Yaƙi: Misali Daga Ƙasar Kazaure da Kano

Idan ana ba da labarin yaƙi, sarakuna da barade su ne ke cinye zance. Akan faɗi wanda ya ci gari da wanda aka kora, a ƙidaya dawaki da bindigogi, sa'an nan a tashi. Da wuya a ji an ambaci mutumin da aka bar wa mabuɗin ɗaki ya riƙe, ko wanda aka damƙa wa ƙunshin kuɗi da tsakar dare aka ce da shi sai an dawo. Wannan maƙala irin waɗannan mutane za ta duba, ta hanyar wata tsohuwar al'adar Bahaushe, watau ajiya, domin a ga yadda takan zama abin dogaro sa'ad da hukuma ta kasa kare kowa.

Kazaure wuri ne da ya dace a fara da shi, domin masarauta ce da aka haifa cikin yaƙi. Ibrahim Ɗantunku ya yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo tawaye a 1819, aka yi ta gwabzawa har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba gardama, ya tabbatar wa Kazaure cin gashin kanta. Bayan wannan kuma sai ga barazanar Damagaram daga arewa, wadda ta kai ga kashe Sarkin Kazaure Dambo a 1857, zamanin Sarkin Damagaram Tanimu. Garuruwan wannan yanki, irin su Roni da Gwiwa da Ɓaɓura, sun daɗe suna kwana da shirin hari. Duk da haka fatauci bai tsaya ba. Ayarin gishiri da kanwa yana gangarowa daga arewa zuwa Kano, tufafin Kano kuma suna haurawa. Bature Heinrich Barth ma ayarin gishirin Azbinawa ya biyo a tafiyar da ta kawo shi Kano a 1851.

Abin tambaya shi ne, me ya riƙe wannan ciniki alhali sarakunan ɓangarorin biyu suna gaba da juna? Falke ba shi da alƙalin da zai kai ƙara gare shi a ƙasar abokan gaba. Abin da yake da shi fatoma ne, watau maigidan da yakan sauka wurinsa, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa dillali, ya karɓar masa bashi bayan ya tafi. Ko fansar wanda aka kama a hari ba ta yiwuwa sai da ɗan tsakani wanda kowane ɓangare ya yarda ba zai gudu da dukiya ba.

Ajiya tana da gindi biyu a rayuwar Bahaushe. Na farko shi ne na al'ada. A. H. M. Kirk-Greene, a nazarinsa kan mutumin kirki wanda aka buga a 1974, ya jera halaye goma da Bahaushe ke auna kirki da su, gaskiya da amana kuwa su ne a kan gaba. Harshen kansa ya nuna nauyin abin: amana ana riƙe ta ne, kamar abin da ke iya suɓucewa daga hannu, wanda ya saɓa kuwa an ce ya ci ta, shi ya sa akan ce kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. Na biyu shi ne na shari'a. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan malamai ko'ina a ƙasar Hausa, ya yi bayanin hukuncin ajiya: idan ta salwanta ba da sakacin mai riƙo ba, babu biya a kansa, amma da zarar ya ƙetare iyaka a kanta, lamuni ya hau wuyansa. Sa'an nan kowane almajiri ya san cewa a daren hijira, shekara ta 622, Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya bar Sayyadina Ali a Makka domin ya mayar wa mutane ajiyarsu, alhali mutanen garin ne ke neman ransa. Watau ƙiyayya ba ta soke ajiya.

An jarraba wannan ƙa'ida jarrabawa mai tsanani a 1966. A lokacin Kazaure tana cikin Lardin Kano, daga 1967 kuma cikin Jihar Kano, har zuwa 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, saboda haka abin da ya faru a Kano ya shafe ta kai tsaye. Bayan juyin mulkin 15 ga Janairu, wanda aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikinsa, da kuma dokar Janar Ironsi ta watan Mayu mai soke jihohi, sai tarzoma ta ɓarke a biranen Arewa, aka far wa 'yan ƙabilar Ibo. Mafi muni ya zo a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba. Ran 1 ga Oktoba sojojin Bataliya ta 5 suka yi bore a Kano, aka kashe mutane a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari. Dubban rayuka suka salwanta a Arewa, aka wawashe kantuna, dubban ɗaruruwa suka gudu Gabas. Ba daidai ba ne a yi zancen kirkin wasu a ɓoye wannan, domin waɗanda suka yi kisan da waɗanda suka yi ceto sau da yawa 'yan unguwa ɗaya ne.

A cikin wannan hali aka sami magidanta da suka shigar da maƙwabtansu cikin gida, inda al'adar kulle ta hana baƙon namiji leƙawa, wasu kuma aka sa musu riga da hula aka raka su har inda za su sami mota. Mai gudu ba ya ɗaukar gida a ka. Sai ya miƙa mabuɗi, ko keken ɗinki, ko ragowar hajar kanti ga wanda ya fi yarda da shi, galibi ba takarda ba shaida. Daga nan aka shiga yaƙin basasa a watan Yuli na 1967. (Ita wannan kalma ta basasa daga sunan wani tsohon yaƙin Larabawa aka samo ta, Kanawa kuma sun riga sun kira rikicin Tukur da Yusufawa na 1893 zuwa 1895 da ita.) Wata talatin ana yaƙi, ba wasiƙa ba saƙo, mai riƙon ajiya bai san ko mai ita yana da rai ba.

A nan ne ma'anar ajiya ta fi fitowa fili. Duk wanda ya karɓi mabuɗi ya adana, ya yarda ke nan a ransa cewa akwai ranar dawowa, kuma a ranar za a dubi juna ido da ido. Wanda ya bayar shi ma ya tafi da wannan zato. Saboda haka ajiya fata ce da aka mayar aiki: kowane wata da aka karɓi kuɗin haya aka ware shi gefe ɗaya, an ƙara shaida cewa wannan yaƙi mai ƙarewa ne. Hukuma ma ta bi wannan tafarki. A Jihar Kano, zamanin Gwamna Audu Baƙo, an kafa kwamitin kula da gidajen da aka bari, ana ba da su haya ana tara kuɗin da sunan masu su.

Da aka ƙare yaƙi ran 15 ga Janairu 1970, Janar Yakubu Gowon ya yi shelar cewa ba wanda ya yi nasara, ba wanda aka ci. Amma shela ba ta zama jari. Gwamnatin tarayya ta yanke cewa wanda ya kai kuɗin Biyafara banki fam 20 kawai zai karɓa, kome yawansu. To, ga wanda ya komo Kano hannu rabbana ya tarar da gidansa da hayar shekara uku a tare, wannan kuɗi shi ne abin da ya sake buɗe kanti da shi. Masanin tarihi Douglas Anthony, a littafinsa na 2002 kan dangantakar Hausawa da Ibo a Kano, ya nuna cewa mayar da dukiya yana cikin abubuwan da suka sauƙaƙa komowar. Irin wannan ya faru a Ikko, inda Subomi Balogun ya kula da gidan maƙwabcinsa Alex Ekwueme, wanda daga baya ya zama mataimakin Shugaba Shehu Shagari, ya miƙa masa kuɗin hayarsa bayan yaƙi.

Lalle ba kowa ya tarar da abinsa ba. Akwai wanda ya ba kura ajiyar nama, akwai wanda ya sayar da gida da araha cikin firgita, kayan da aka wawashe kuwa sun tafi ke nan. Amma idan aka kwatanta da Fatakwal, bambancin a bayyane yake. A can gwamnatin Jihar Ribas ta ɗauki gidajen Ibo a matsayin dukiyar da aka yasar, aka yi ta shari'a da kwamitoci, har gwamnatin tarayya ta kafa doka a kan batun a 1979, masu gidaje da yawa kuwa ba su sake shiga gidajensu ba. A Kano, inda aka zubar da jini mai yawa a 1966, kafin shekarun 1970 su ƙare 'yan kasuwar Ibo sun sake cika Sabon Gari.