Waya Ta Isa Ƙauye, Kuɗin Waya Ya Tsaya A Gari: Nazari Kan Ƙasar Mayahi Da Tasawa

Ƙarancin tsabar kuɗi da ya biyo bayan takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar a ƙarshen watan Yulin 2023 ya tona wani rauni da aka daɗe ana kawar da kai a kansa, wato duk da yadda wayar salula ta ratsa karkarar jihar Maraɗi, har yanzu kuɗi bai saba bin ta cikinta ba. Asusun waya, wanda shi ne ma'ajiyar kuɗi da ke haɗe da lambar layin mutum, irin su Airtel Money da Moov Money, shi ya kamata ya riƙe ciniki sa'ad da bankuna suka taƙaita abin da ake cira, amma bai yi ƙarfin da zai ɗauki wannan nauyi ba. Alƙaluman Bankin Duniya na 2017 sun nuna cewa masu irin wannan asusu ba su kai ɗaya cikin goma na baligan ƙasar ba, shekara goma bayan asusun waya na M-Pesa ya fara aiki a Kenya, kuma ɗora laifin a kan jahilcin talaka, kamar yadda aka saba, rashin adalci ne.

Ta fuskar magana kam waya ta yi nasara tun da wuri. Binciken Jenny Aker ta Jami'ar Tufts da ke Amurka ya gano cewa shigowar salula tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwannin Nijar da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, domin ɗan kasuwa ya daina ɗaukar gero zuwa kasuwar da bai san farashinta ba.

Kuɗi kuwa wata hanya yake bi. Ɗan cin rani da ya bar Sarkin Hausa ko Kanambakashe zuwa Agadas ko Yamai, idan ya tashi aika wa gida, yakan je ofishin kamfanin tura kuɗi kamar Nita ko Al Izza ko Amana, ya miƙa tsaba, a ba shi lambar shaida, sannan ya buga waya ya karanta ta. A gida sai a tashi wanda yake da katin ɗan ƙasa, ya hau kabu-kabu zuwa Mayahi ko Tasawa ya karɓo. Ke nan aikin waya a wannan ciniki bai wuce isar da saƙo ba.

Babban dalilin da ya hana asusun waya ƙwace wannan kasuwa yana hannun wakili, wato mai shagon da ke karɓar tsaba ya zuba wa mutum a asusu, ko ya cire daga asusu ya ba shi tsaba. A birni masu zubawa da masu cira suna kusan daidai, don haka aljihun wakili yana cika kansa. A ƙauye kuwa kuɗin shigowa kawai yake yi, musamman daga bazara zuwa tsakiyar damina lokacin da rumbu ya ƙare, kuma duk wanda aka turo wa yana son cire shi ƙaf a ranar, saboda mai awon tiya da mai nama da mai takin zamani ba sa karɓar komai sai takarda da silalla. Kafin azahar ranar kasuwa tsabar wakili na iya ƙarewa, kuma sake cika ta yana buƙatar tafiya gari da kuɗin mota da fargabar hanya, alhali ladan da yake samu bai taka kara ya karya ba. Wanda aka ce masa babu kuɗi sau biyu ba ya komawa. Kamfanonin tura kuɗi sun tsira daga wannan tarko ne domin suna jujjuya tsaba tsakanin rassansu da kansu, ba su bar nauyin a wuyan mai ƙaramin jari ba.

A kan wannan sai ga matsalar harshe da lissafi. Umarnin da ke fitowa a fuskar waya da Faransanci yake, kuma adadin da sefa ake rubuta shi, alhali mutanen yankin da dala suke ƙirge, wadda take daidai da sefa biyar. Wanda zai tura jika ɗaya, wato dala ɗari biyu, dole ya danna 1000, kuma kuskuren sifili guda yana iya cinye abincin wata.

Akwai masu cewa raunin rezo da rashin lantarki su ne tushen matsalar. Gaskiya ne turakun sadarwa sun fi yawa a gefen babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, suna raguwa idan aka nausa arewa, kuma a ƙauyuka da dama sai an biya mai faifan rana kafin a yi cajin waya. Sai dai tura kuɗi ta gajerun lambobi ba ya buƙatar intanet, layin da ya ɗauki kiran ɗan cin rani zai ɗauke shi.

Mata su suka fi ɗanɗana sakamakon, domin matar da mijinta ya tafi cin rani sau da yawa ba ta da waya ko katin shaida, sai kuɗin cefanenta ya ratsa hannun ƙanen miji ko maƙwabci, ya iso a rage kuma kowa ya san adadinsa. An riga an ga cewa ana iya kauce wa haka: a 2010 ƙungiyar Concern ta raba tallafin fari a ƙauyuka 96 na jihar Tawa, wasu ta asusun Zap na kamfanin Zain, aka ba mata wayoyi aka koya musu, kuma gidajen da suka karɓa ta waya sun fi samun abinci iri-iri. Yanzu kamfanonin tura kuɗi sun fito da manhajojinsu, irin su MyNita, amma waɗannan suna buƙatar babbar waya da kuɗin intanet, abin da ya sa ɗan kasuwar Tasawa mai hulɗa da Katsina da Kano ya fi amfana da su, matar da ke ƙauyukan arewacin Mayahi kuwa tana nan tana jiran ɗan aike.