Takardar Karatun Yaran Keffi Daga Ƙetare Ta Ke Zuwa

A unguwar Liman Abaji cikin garin Keffi, duk farkon zangon karatu sai iyaye sun yi kukan tsadar littafin rubutu. Dalili kuwa, yawancin farar takardar da a ke aiki da ita a Nijeriya daga ƙetare a ke sayo ta, kamar Sin da Indiya da Indonisiya, kuma da dala a ke biya. In Naira ta faɗi, sai kuɗin littafi ya hau.

Abin ba yau ya fara ba. A ƙarni na 19 fatake kan ɗauko takardar Italiya mai alamar jinjirin wata uku bisa raƙuma, daga Tarabulus zuwa Kano, malamai su saya su rubuta Alƙur'ani.

Gwamnati ta yi ƙoƙarin a riƙa yin takarda a gida. Masana'antar Jebba ta fara aiki a 1969, ta Oku-Iboku mai takardar jarida kuwa a 1986. Amma cikin shekarun 1990 duka biyun suka tsaya cik, saboda rashin kayan gyara da kuɗin ƙasashen waje.

Yau 'yan Arewa masu dako a Ikko na cikin masu loda dilolin takardar da 'ya'yansu za su saya da tsada can gida.