Ranar da Aka Kwance Ɗori

Duk wanda ya taɓa jinyar karaya ya san cewa ranar kwance ɗori ba ranar gudu ba ce. Ƙashi ya haɗe, amma ƙafar ta sirance, ta manta da ɗaukar nauyin mai ita. Sai an lallaɓa ta: yau a dafa bango, gobe a dogara sanda.

Dogon zaman kurkuku haka yake yi wa mutum. A tashe shi, a miƙa masa abinci, a ƙirga shi, a kulle. Ba ya cefane, ba ya riƙe kuɗi, ko ƙofa ba shi ke buɗe wa kansa ba. Ranar sallama kuma a ce ya je ya riƙe gida.

Nan ne masu jinya ta hanyar ayyukan yau da kullum suke shigowa. A Ingila suna aiki a gidajen yari da asibitoci masu tsaro irin Broadmoor, wanda aka buɗe a 1863 don masu taɓin hankali da suka aikata laifi. Ma'aikaciya za ta shiga kicin da mutum, ta sa shi ya dafa abinci, tana lura: ya iya bin aikin daki-daki? Idan miya ta ƙone, yana haɗiye fushi ko jifa zai yi da tukunya? Daga abin da ta gani take tsara masa mataki na gaba, ko lissafin kuɗin mako, ko shan magani ba tare da an tuna masa ba. Wannan ya wuce koyar da sana'a. Mutum zai iya ƙwarewa a aikin kafinta, ya rasa aikin cikin mako guda saboda ya kasa tashi da asuba da kansa.

Ƙa'idojin Nelson Mandela, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, sun nemi a rage tazara tsakanin rayuwar kurkuku da ta waje. Najeriya ma ta yi dokar gyaran hali a 2019. Abin da ke damuna shi ne cunkoso a gidajen yarin Najeriya, ga kuma mafi yawan waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, suna wuni a zaune. Ina so a ɗauki irin waɗannan ma'aikata aiki a gidajen yarinmu, kuma su fara da masu jiran, tun kafin zaman ya cinye su.